Sunan da Ban Tambaya Ba

Talata, 12 ga Satumba, bayan azahar

Bismillah. Kwana biyar da haihuwar jikata.

A cikin tsofaffin kayan makarantar 'yata Suriani na tsinci wannan littafin. Shafi uku ta rubuta ta bar shi. Ban yage nata ba, na juya na fara daga baya.

Jaririyar tana kwalba a wani asibiti a Perth. Ko bakwaini ba ta kai ba. Maigidana Pak Hamdan ya ce tsawonta bai wuce takalminsa ba, sai kuma ya yi istigfari, wai bai kamata ya gwada jikarsa da takalmi ba. Tun ranar Juma'a yake can wurin 'yar tamu. Ni ina nan Geraldton da Tsohuwa, mahaifiyata, don babu mai ɗaga ta da yi mata wanka sai ni. Dalilin da nake ba mutane ke nan, kuma ba ƙarya ba ne.

Suriani ba ta ɗaga wayata. Na faɗi wata magana ranar da ta haihu.

Likita ya ce a riƙa fitar da Tsohuwa tana shan iska, shi ya sa da hantsi na tura ta a kujerarta har gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Shekara ashirin ina hango ta daga tagar kicin, ja da fari, ja da fari, ban taɓa zuwa kusa ba. Ashe ƙarfe ce duk jikinta. An kewaye ta da waya, ƙofarta da kwaɗo. Tudun yashi ya cika da furanni rawaya, ga warin ciyawar teku da ruwa ya tofo. Na daɗe ban ji numfashina ya kai ƙasa haka ba. Sai na ji kunyar jin daɗin.

Laraba, 13 ga Satumba, da la'asar

Kwana shida.

Akwai wani dogon sanda kusa da hasumiyar, a samansa shaho mai kamun kifi ya tara kirare ya yi sheƙa. Wani dattijon Bature mai suna Keith yana zuwa kullum da madubin hangen nesa yana rubuta abin da suka ci. Ya ara mini. 'Ya'ya biyu ne, babba da wani ɗan tsurut da babban ke takewa in uwar ta kawo kifi.

Ya tambayi sunana, na ce Mak Hamdan.

"Hamdan shi ne maigidan?"

Na ce a'a, ɗana ne na fari. Mu mutanen tsibirin Pulu da sunan ɗan fari ake kiran uwa da uba, a ce Mak wane, Pak wane. In jika na fari ya zo, a ajiye wancan a ɗauki na jikan, a ce Nek wance, har mutuwa.

"To ina Hamdan ɗin? Yana arewa wurin haƙar ma'adinai kamar sauran samari?"

Na ce yana Pulu.

Ban yi ƙarya ba. A can kabarinsa yake, ƙarƙashin kwakwa.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan magariba

Kwana bakwai. Yau suna. Ba wanda ya kira ni. Ni ma ban kira ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, da hantsi

Maƙwabciyata Mak Rizal ta shigo da wainar kwakwa a faranti, tun daga ƙofa take magana.

"Ina sabuwar Nek ɗin tamu? Ko har yanzu ana yanga da sunan ƙuruciya?"

Na ce ta zauna in zuba mata shayi.

"Shayi zan sha, amma Nek wa za mu ce? Matan karatu duk sun zuba kunne. Ni fa na matsu ki tsufa ki same ni."

"Ai ke ko Rizal bai yi aure ba."

"Tsufana na gwiwa ne, naki na suna. To, wa?"

"Ba su faɗa ba tukuna."

Ta ajiye kofi ta dube ni. Tun muna 'yan mata a Pulu, a gaban malami ɗaya, haka take dubana in na ci gyara a karatu na ƙi komawa baya.

"Ba su faɗa ba, ko ba ki tambaya ba?"

Na ce wainar ta yi daɗi.

Ranar dai, gab da magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Mun makara a wurin hasumiya. Keith ya tafi, iskar kudu ta taso, yashi yana gudu a ƙasa kamar ruwa. Ina gyara wa Tsohuwa bargo sai fitilar ta kama. Da kanta take kunnuwa, an daɗe da daina ajiye mai tsaronta. Sai na ji an ce, "Mak Hamdan."

Ba da ƙarfi ba. Daga sama. Murya siririya, irin ta mai tambaya ko ana gida.

Ban amsa ba. Ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, balle da magariba. Na karanta Falaƙi da Nasi, na ce iska ce a cikin ƙarfe.

Na juya kujerar ke nan Tsohuwa ta ce, "Hasnah, ana kiranki."

Tsohuwa da sai na ɗaga murya a kunnenta na dama take jin an ce ga abinci.

Asabar, 16 ga Satumba, bayan asuba

Kwana tara.

Lahadi, 17 ga Satumba, bayan asuba

Kwana goma. Ta wuce Hamdan ɗina da kwana ɗaya. Alhamdu lillahi.

Litinin, 18 ga Satumba, da la'asar

Pak Hamdan ya kira. Ya ce jaririyar ta sha nono cokali ɗaya ta tiyo. Ya ce Suriani ta sa hannu ta ramin kwalbar, yarinyar ta riƙe mata ɗan yatsa.

"Ta ci abinci, ita Surianin?"

"Tana taɓawa. Ke fa? Muryarki kamar ta wadda ta haɗiyi ƙaya."

"Lafiyata lau."

"A nan fa har an sauya mini suna. Jiya a masallaci aka kira ni sau uku ina ta waige-waige ina neman wani tsoho."

Na ce, a hankali, "Wane suna?"

"Mak Hamdan, an hana ni. Ta ce in kina so, ki tambaye ta da bakin da kika yi wancan maganar."

Shekara talatin da uku da aurenmu, bai taɓa riƙe mini sirri ya kai magariba ba. Wannan ya riƙe.

Talata, 19 ga Satumba, bayan azahar

Kwana goma sha biyu. Da safe muka je, don kada magariba ta same mu.

Teku ya kwanta, kore a kusa, shuɗi a nesa. Keith ya nuna mini inda wasu manyan kifaye masu fesa ruwa suke wucewa kudu da 'ya'yansu. Wani ƙadangare mai shuɗin harshe ya tare mana hanya, sai da na jira ya gama tunaninsa. Tsohuwa ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun azumi.

Ita ba teku take kallo ba. Kanta a ɗage yake, wajen barandar da ta zagaye fitilar a can ƙoli.

"Ya yi tsawo," in ji ta. "Har ya kai ƙarfen."

"Wa, Mak?"

"Gashin da muka aske masa ya toho. Ki ɗago mana ki gan shi."

Ita ce ta riƙe shi ranar askin. Kwana biyu bayan nan ita ta naɗe shi a likkafani.

Ban ɗago ba. Na ce rana ta yi zafi, mu tafi.

Tsohuwa tana ganin mutane da yawa. Makon jiya mahaifina ta gani a cikin firji. Na rubuta wannan don in tuna.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan isha'i

Zazzaɓi. Sun ce ƙwayar cuta ce a jini. An mayar wa jaririyar injin numfashi. Iyakar abin da Pak Hamdan ya faɗa ke nan, ya ce ana kiransa.

Na kira Suriani sau huɗu. Na huɗun an ɗaga. Na ji ƙarar injuna, tit, tit, na ji numfashinta. Tana jira ne. Na ce, "Kin ci abinci?"

Ta kashe.

Juma'a, 22 ga Satumba, da la'asar

Kwana goma sha biyar.

Da ban je ba. Tsohuwa ce ta kafe, ta riƙe ƙofa da hannunta mai kyau.

Muna isa ta ɗaga kai ta daɗe. Ta ce, "Yau da kaya a hannunsa."

Na ci gaba da tura kujera.

"A zane ya naɗo. Bai iya riƙo ba, kan yana lilo." Ta karkata kunnenta, na hagun, wanda ya mutu. "Wai tunda babu mai so, shi zai riƙe ta."

Na ce, "Mak, ki ji tsoron Allah." Ban taɓa gaya wa mahaifiyata haka ba. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta tambaye ni ko jirgin kaya ya iso Pulu.

Ban gaya mata mace aka haifa ba. Na yi ta tunani. Wataƙila ta ji a bakin Mak Rizal. Wataƙila.

Asabar, 23 ga Satumba

Ba mu fita ba. Na rufe labulen kicin.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ba mu fita ba. Na wanke labulayen gidan duka, ban da na kicin.

Litinin, 25 ga Satumba, bayan azahar

Kwana goma sha takwas. Babu sauyi, in ji Pak Hamdan. Tsohuwa ta ƙi cin abinci. Na yi mata shinkafa da romon kifi yadda take so, ta datse baki. "An bar yaro a tsaye," in ji ta.

Na sauke Yasin sau biyu, a duka biyun na ci gyara a wuri ɗaya.

Talata, 26 ga Satumba, bayan asuba

Malaminmu a Pulu yakan ce, abin da ka kasa rubutawa a allo ba ka isa wanke shi ba. To bari in rubuta.

Ranar da ta haihu, an fito da ita daga ɗakin tiyata, mijinta Faizal ya kara mata waya a kunne. Muryarta duk magani. Ta ce, "Mak, mun riga mun zaɓi suna. Kin zama Nek." Tana shirin faɗa na tare ta.

Na ce, "Kada ku yi gaggawar sa suna. Ku bari a ga ko za ta zauna."

Haka na ce. Ba a gigice ba, a natse, da muryar da nake koya wa yara alif da ba.

Suriani ta ce, "Shekara ashirin da takwas ina gabanki, Mak, ina ci ina sha. Ko sau ɗaya ba a taɓa ce miki Mak Suriani ba. Ban taɓa cewa komai ba. Amma 'yata ba za ta jira a gani ba."

Na gaya wa kaina tsoro ne. Shekara talatin da ɗaya duk wanda zai miƙo mini gishiri sai ya kira mini sunan yaron da ya kwana tara a duniya. A kasuwa, a masallaci, a bakin mijina. Na ce ba zan iya ɗaukar na biyu ba.

Wannan gaskiya ne, amma rabi ne. Ɗaya rabin ban san shi ba sai makon nan. Ranar da aka ce mini Nek, daga ranar babu sauran mai faɗin Hamdan. Babu hotonsa. Kabarinsa yana bayan teku, allon ma gishiri ya cinye rubutun. Ni kaɗai ce wurin da ya rage masa.

Allah ka yafe mini. Na hana mai rai wuri saboda wanda ba ya bukata.

Laraba, 27 ga Satumba, da hantsi

Kwana ashirin. Na kai Tsohuwa hasumiya, don ta yarda ta ci abinci.

Keith yana tsaye da littafinsa a rufe. Ƙaramin ɗan shahon babu shi a sheƙa. Ya duba ƙasan sandan, ya duba cikin ciyawa, ko gashi bai gani ba. "Kusan kowace shekara haka ne," in ji shi. "Kada ki sa a ranki."

Na san an hana mu camfi da tsuntsaye. Na koyar da wannan da bakina. Duk da haka sai da na zauna a kan yashi.

Ya miƙo mini madubin, wai in ga babban yana gwada fukafukai. Na karɓa. Hannuna ya fara hawa da shi, ja, fari, ja, fari, har na ga ƙasan barandar da tsatsar da ta zubo. Sai na sauke na mayar masa.

Yau hannu kawai Tsohuwa take yi, irin na mai nuna wa yaro yadda ake tallafe kan jariri.

Alhamis, 28 ga Satumba, bayan isha'i

Kwana ashirin da ɗaya.

Da azahar Pak Hamdan ya ce likitoci sun tara su a wani ƙaramin ɗaki mai kwalin tishu a kan tebur. Bai ƙarasa ba.

Na jira har rana ta yi ƙasa. Da gangan. Na sa wa Tsohuwa rigar sanyi biyu na tura ta. Babu kowa a wurin, sai tsuntsayen teku jere a bakin ruwa, duk sun fuskanci iska kamar sahu. Na tsaya a jikin wayar shingen. Fitilar ta kama.

Lambar Faizal na kira, na ce ya ba Suriani. Na ji yana lallashinta. Na ji injuna.

"Ina ji," in ji ta.

Na buɗe baki in ce kin ci abinci. Na rufe.

"Suriani, ina so ki gaya mini sunana."

Hasken ya zagayo ya wuce, ya zagayo ya wuce.

"In ta tafi fa, Mak? Sun ce ba su sani ba."

"In ta tafi, da shi za a kira ni har a binne ni. In ta zauna ma haka."

Ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga gare ta ba, ko tana ƙarama. Sannan ta ce, "Mastura."

Na maimaita. Ta ce, "Ki ƙara." Na ƙara. Ta ce in dakata, ta sa wayar a ramin kwalbar, na faɗa na uku, na yi mata addu'ar da ake yi wa jarirai. Ban san ko ta ji ba. Kunnen nata, in ji kakanta, bai kai ƙumbar babban yatsa ba.

Na kashe wayar ke nan aka ce, daga sama, "Mak Hamdan."

Na san hukuncin. Na san iska ce a cikin ƙarfe. Amma na yi magana, idona a kan takalmina. Na ce, "Nek Mastura ce. Ka sauke ta, ɗana. Tana da mai riƙo."

Iskar ba ta tsaya ba, babu abin da ya faɗo, babu abin da ya sauya. Tsohuwa ta ce tana jin yunwa.

Na yi istigfari ɗari bayan magariba, saboda magana da abin da ban gani ba. Ban san ko na yi nadamar da ake bukata ba.

Juma'a, 29 ga Satumba

Kwana ashirin da biyu. Tana nan.

Asabar, 30 ga Satumba, da la'asar

Tana nan. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Har yanzu "a ga gobe" suke cewa.

Na gaya wa Mak Rizal. Ta tafa hannu ta fita tsakar titi ba ko takalmi tana sanar da gidaje. Ta dawo ta ce ita za ta zauna da Tsohuwa mako guda.

"Kin iya ɗaga ta?"

"Na ɗaga Pak Rizal shekara talatin, shi da ra'ayoyinsa. Je ki haɗa jaka, Nek. Kin ga har kin fara tafiyar tsofaffi."

Ashe tun farko da na tambaya.

Lahadi, 1 ga Oktoba, bayan magariba

Kwana ashirin da huɗu. Gobe da sassafe motar Perth.

Na kai Tsohuwa da hantsi. Babban ɗan shahon ya tashi daga sheƙa ya sauka a kan shinge, ya zauna yana mamakin kansa. Keith ya ce, "Barka da hantsi, Mak Ham..." Na gyara masa. Ya rubuta sabon a bayan littafinsa, ya yi mini murna, ya ce wannan al'adar ta fi tasu.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon sama.

"Me kike gani, Mak?"

"Hasumiya."

"Ita kaɗai?"

"Ya tafi tun ranar nan." Ta ja bargonta. "Ya ɗan jira, ko za ki ɗago."

Sai yau na ɗago. Baranda ce, da ƙarafuna, da gilashi, da sama a bayanta. Na tsaya har wuyana ya yi ciwo.

Mata tara suka shigo yi mini sallama da yamma. Na sa musu kaya a jaka: sambal ɗin Suriani, wato miyar barkonon da take so, hula 'yar mitsitsiya da Mak Rizal ta saƙa, ta ce a kan lemo ta gwada. Kowacce ta kira ni, kowacce na amsa. Pak, wato Nek Mastura na can, ya kira ya ce zai tarye ni a tasha.

Tun asuba har yanzu ba wanda ya faɗi sunan ya kai ƙarshensa. Yau ce rana ta farko. Bari in rubuta shi nan sau ɗaya, in rufe littafin, in buɗe labulen kicin.

Hamdan.

Nek Mastura